Jinkar Da Ke Jiran Hayaƙi

Ranar da Hanadi ta fara ganin Abdulwahabu, tana tsaye ne da ƙafa ɗaya a tsakiyar hanyar da ta ratsa jami'a, jarkar ruwa a hannu, takalminta na hagu ya nutse cikin laka. Duk wanda ya taɓa yin damina a Gadarif ya san baƙar ƙasar garin ba ta wasa da takalmin gayu. Hanadi ma ta sani, wani takalmin ne ba ta da shi. Ba ta yi tsaki ba, ba ta waiga neman taimako ba. Kallon ramin kawai take yi, kamar takalmin wata ne ya shige.

"Ya ustaza, a nan za ki yi fatur, ko rani kike jira ƙasa ta bushe?"

Ta ɗaga kai. Wani dogon saurayi ne, ya naɗe wando har gwiwa, ya rataye nasa takalman a wuya, littattafansa cikin leda a hammata. Bai jira amsa ba ya durƙusa, ya zura hannu cikin lakar, ya zaro takalmin yana ɗiga.

"Daga Hartum kika zo," in ji shi.

"Yaya aka yi ka sani?"

"Mu nan cire takalmi muke yi mu ɗauke shi. Ku kuwa so kuke shi ya ɗauke ku."

Da wata yarinyar ce da ta yi dariya. Hanadi ta ce shukran, ta karɓi takalmin ta wuce abinta, ta bar jarkar a ƙasa. Shi ya biyo ta da ita har bakin igiyar shanya da ta raba ɗakunan kwanan ɗalibai da sauran jami'ar. A nan ya tsaya, domin ɗalibai ba sa tsallake igiyar nan.

Hanadi da mahaifiyarta Jummare suna cikin iyalan da aka sauke a dahiliyya, wato ɗakunan kwanan ɗalibai, tun da yaƙi ya koro su daga Hartum zuwa Madani, ya sake koro su daga Madani zuwa nan. A Madani suka baro mahaifinta, Malam Adam. Ciwon sukari ne ya yi ajalinsa, magani ya yanke. Hanadi tana shekara ta uku a karatun haɗa magunguna lokacin da aka rufe makarantarsu, saboda haka ta san sunan allurar da yake bukata sarai, inda za ta samo ta ne ba ta sani ba. Tun daga ranar ba ta yi kuka ba. Ba taurin rai ba ne, ta nemi kukan ta rasa. Abinci in ta sa a baki ba ta jin gishirinsa, labari mai daɗi da marar daɗi duk "to" take ce musu.

Ita kuwa Jummare nata salon daban ne. A kusurwar ɗaki akwai akwatuna biyu da ba a taɓa zazzage su ba, a kansu kuma babbar tukunyarta, wadda duk bikin unguwarsu a Hartum sai an aro ta, ɗaure tam cikin wani tsohon mayafi. Da wata 'yar tukunyar aro suke girki. In maƙwabciya ta nemi babbar, amsa ɗaya ce.

"Ba za a kwance ta ba sai a gidanmu. Mu baƙi ne, gobe-gobe za mu koma."

Jami'a ta buɗe karatu, amma ɗalibai suna cunkushe a ɗakunan haya cikin gari, suna kallon dahiliyyarsu cike da tsofaffi da yara da zannuwan shanya. Babu wanda ya yi faɗa da wani. Gaisuwa ce kawai ta mutu. Na wannan gefen igiya suna jin an ƙwace musu wuri, na wancan gefen suna jin ana ƙirga musu kwanaki, kowa sai ya sunkuyar da kai ya wuce.

Abdulwahabu, wanda kowa ke kira Wahabu, bai iya sunkuyar da kai ba. Ɗalibin sashen noma ne, ɗan Malam Mato, shugaban wata ƙungiyar masu aikin gona a yankin gonaki na Simsim. Washegari Hanadi ta same shi a bakin famfo, jibi ma haka, har abin ya zama kamar an sa masa aiki. Ya raɗa mata suna Takalmi Ɗaya. Ya gayyace ta fatur, karin kumallon hantsi da ɗalibai ke haɗuwa su ci a kwano ɗaya ƙarƙashin darbejiya, ta ce ta ƙoshi. Ya ba ta labarin malaminsu da ya zame a laka gaban 'yan aji ya tashi ya ci gaba da lakca kamar ba shi ba, ta ce Allah ya kyauta. Mutum mai zuciya da ya haƙura tun a makon farko. Wahabu dai da alama ba a ba shi irin wannan zuciyar ba, domin har lambar wayarta sai da ya samu.

Da damina ta ɗauke, riɗi ya nuna, sai ya ɓace daga bakin famfo. Saƙonsa ne ya shigo.

"Takalmi Ɗaya, salam. Ina Simsim wajen Yaba, babana. Riɗi ba ya jira, in ba a yanke shi da wuri ba sai ya fashe ya zube. Hannuna duk ya yi kanta. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Me kika ci?"

"Abinci."

"Tamam. Allah dai ya haɗa ni da mai hira."

Ta ajiye wayar. Amma ta lura da wani abu a kanta, kamar yadda mutum ke lura da abin da ke faruwa a gidan maƙwabta: wayar da a da take barin ta a mace kwana da kwanaki, yanzu kullum sai ta kai ta caji.

Wata rana da hantsi, tana tsince waken ful, saƙo ya shigo mai ɗan tsawo.

"Hanadi, yau ba zan kira ki da sunan tsokana ba. Ina sonki. Tun ranar lakar nan. Ba sai kin ce komai ba, so nake kawai ki sani kafin wani ya riga ni faɗa."

Ta karanta, ta ajiye, ta gama tsince waken, sannan ta rubuta masa gaskiya.

"Wahabu, kai mutumin kirki ne. Amma ni ba na jin komai. Ba a kanka kaɗai ba, a kan komai. Kada ka ɓata lokacinka."

"Ƙasar gonarmu rabin shekara a bushe take har ta tsattsage, ya habiba. Ba mu taɓa tashi mun bar ta ba."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Ba ta ji zuciyarta ta buga ba, ba ta ji kunya ba, ba ta ji daɗi ba. Ba ta dai goge shi ba.

Bayan ya dawo, ɗalibai suka kira taro ƙarƙashin darbejiya kan yadda za a gyara zaman jami'a. Hanadi na wucewa da jarka ta ji hayaniya, ta rage tafiya. Wata ɗaliba ta ce a sa fitilu masu aiki da hasken rana a hanyar laburare. Wani ya ce a zuba tsakuwa a hanyoyi kafin damina ta dawo. Masu ƙwallo suna son fili, masu wasan kwaikwayo suna son a gyara musu dandamali, wasu kuma suka ce duk ba wannan ba, a samar da wurin fatur mai tsabta a cikin makaranta, an gaji da fita bakin titi. Sai wani mai suna Awad ya miƙe.

"Ya jama'a, duk wannan kalam ne kawai! Mutum shida muke kwana a ɗaki ɗaya a cikin gari, wa zai yi wasan kwaikwayo bai yi barci ba? A ba mu dahiliyyarmu, halas, magana ta ƙare!"

Aka tafa sosai. Hanadi ta duba ta ga wanda ke jagorantar taron, sai ta ga Wahabu ne. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Awad ya yi gaskiya," in ji shi. "Dole ɗakunan nan su dawo hannun ɗalibai kafin sabon zango. Na riga na kai maganar wajen hukumar makaranta."

Ba ta tsaya jin saura ba. Ta ɗauki jarkarta ta tsallake igiya. Abin da ta ce a ranta bai wuce "dama" ba. Dama hannun da ya zaro takalmi zai iya nuna ƙofa. Ya kira ba ta ɗauka ba, ya turo saƙo ba ta buɗe ba, ta sauya lokacin zuwa famfo.

A cikin makon nan Waleed ya bugo waya. Ɗan wan Jummare ne, yana da shagon kayan waya a Bur Sudan, mutum ne mai zumunci, ba a taɓa jin sa da abin kunya ba. Ya ji labarin za a karɓi ɗakunan, ya ce wa gwaggonsa su taho wurinsa. Zai auri Hanadi, daga nan su wuce Masar gaba ɗaya, su zauna har Hartum ta lafa. Jummare ta yi ta sa masa albarka har wayar ta yanke.

"Kin ji, ya binti? Ɗan'uwanki ne, ya san mu, ya san gidanmu. Me kika ce?"

"To," in ji Hanadi.

Kwana kaɗan bayan haka, da rana tsaka, aka yi sallama a bakin ƙofa. Wahabu ne, ya tsallake igiya, ya sa farar jallabiya, ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa da tabarma, ya gaida Jummare yana kiran ta Hala, wato inna. Hanadi ta koma bayan labule.

"Hala Jummare, barka da rana. Sunana Abdulwahabu, ɗan Malam Mato na Simsim. Magana biyu na zo da su."

Ya yi bayani a natse. Hukumar makaranta ta ba da fili a bayan gonar gwaji. Ɗalibai da mutanen mahaifinsa za su yi nafir, irin gayyar da ake yi a ƙauye, a gina wa kowane iyali guttiyya, ɗakin ciyawa mai tsinin kai da ƙasar Gadarif ta fi amincewa da shi. Ɗalibai su koma ɗakunansu, iyalai su samu nasu, ba wanda aka kora. Wurin fatur da ɗalibai ke nema kuma matan dahiliyya ne za su riƙe shi. Ya ce har ya tambaya, ɗaliban da yaƙi ya katse wa karatu za su iya ci gaba a nan a matsayin baƙi.

"Ta biyun fa?" in ji Jummare.

Ya sunkuyar da kai. "Ina neman izini in turo manyana, a kan Hanadi."

Jummare ta ajiye carbinta. "Ya waladi, ni da na baro gidan bulo da fanka da firji, ɗakin ciyawa za ka gina mini? Sannan ka ɗauki 'yata, 'yar jami'a, ka dasa ta cikin laka? Ba raina ka na yi ba. Amma wanda ya gina ɗaki ya ce ya zauna ke nan. Mu ba mu zauna ba."

"Hala, kafin a koma ɗin fa, ina za a kwana?"

"Allah na nan. Waleed na nan. Ka gaida mutanen gida."

Ya yi godiya ya tashi. A bayan labule Hanadi ta gane rabin magana ta ɗauka ranar taro ta gudu da ita. Ta buɗe wayarta ta rubuta masa.

"Malesh, ka yi haƙuri. Rabin maganarka na ji ranar nan."

"Sauran rabin na ajiye miki, Takalmi Ɗaya. Za mu haɗa muku jinka kamar kowa. Amma ki sani, Yaba ba ya ɗaga jinka sai ya ga hayaƙin tukunyar masu ɗakin. Masu nafir abincin mai gida suke ci. In bai hura wuta ba, ya ce ba ya so ke nan, kuma ba a ɗora wa mutum gida dole."

"Yumma ba za ta hura ba."

"Na sani. Na dai gaya miki ne."

Ranar nafir ta zo daidai da jajibirin tafiyarsu, domin Waleed ya riga ya kama musu kujeru a motar Bur Sudan ta washegari. Tun da safe babbar mota ta sauke mutanen Simsim da dammunan ciyawa da itatuwa. Ɗalibai suka fito da wandunan jins, wasu malamai ma suka naɗe hannun riga. A ƙasa ake haɗa jinka, a ɗaure ta, a yi mata baibaya, sannan jama'a su kewaye ta su ɗaga gaba ɗaya su ɗora kan bango. Da igiya ta ƙare, Awad ne da kansa ya je ya kwance igiyar shanyar nan da ta raba wuri, aka yayyanka ta aka yi ɗauri da ita. A gaban kowane fili mace ta kafa murhu, hayaƙi na tashi, ana salati ana ɗaga jinka ɗaya bayan ɗaya.

Daga tagar ɗakinsu Hanadi tana ganin komai. Zuwa azahar ɗakuna duk sun tsaya da kawunansu, saura ɗaya a ƙarshen layi. Bangonsa a tsaye, jinkarsa a ƙasa, duwatsun murhu uku a gabansa ba wuta. Wani dattijo mai farin gemu, wanda ta san ba kowa ba ne sai Malam Mato, ya zauna a ƙasa kusa da jinkar ya miƙe ƙafa. Mutanensa suka zauna su ma. Ta ga Awad yana nuna jinkar yana magana da hannu, ta ga dattijon ya girgiza kai. Wahabu na tsaye a gefe, ciyawa duk a gashinsa, bai ko kalli wajen tagar ba.

Jummare na zaune kan akwati, ta ba taga baya, tana jan carbi.

Wayar Hanadi ta yi ƙara.

"Motar su Yaba za ta tashi bayan la'asar, dawa na jiransu a gona. Ba matsa miki nake ba. In kin tafi, Allah ya kiyaye hanya, Waleed ya riƙe ki da amana. Ki dai sayi takalmi mai ƙwari."

Ta karanta. Ta jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, ko tsoro ko so, wanda zai gaya mata abin yi. Shiru. Sai ta duba abin da ta sani kawai. Ta san in ta hau motar gobe za ta ci gaba da cewa "to" har ƙarshen ranta, kuma ba wanda zai lura. Ta san mutum ɗaya ne ya taɓa tambayar ta me ta ci, ya kuma sake tambaya. Ta sunkuya ta ɗauki 'yar tukunyar aro da ashana.

"Ina za ki?" in ji Jummare ba tare da ta juyo ba.

"Zan hura wuta, Yumma."

"In kika hura wutar nan, kin ce ba za mu koma gida ba. Kin ce mu bar gidan ubanki."

Hanadi ta tsaya a bakin ƙofa. Muryarta ba ta rawa, kamar mai faɗin farashin albasa.

"Yumma, Yaba ba ya Hartum. A Madani muka baro shi. Ko mun koma, ba za mu same shi a gida ba."

Carbin ya tsaya a hannun Jummare. Tun da suka iso garin nan babu wadda ta taɓa faɗin wannan a fili. Hanadi ta jira tsawa ko mari, ba ta samu ko ɗaya ba, sai ta fita.

Tafiyar ba ta da nisa, amma idon jama'a ya tsawaita ta. Hira ta ɗauke. Ta durƙusa gaban duwatsun, ta tattaro karan dawa da guntayen itacen da suka rage daga gini. Yarinyar da ta tashi da murhun gas, ta koyi gawayi a gudun hijira, ba ta taɓa hura itace ba, bare ɗanye. Ashana ta farko ta mutu, ta biyu ma. Wahabu ya ɗaga ƙafa zai matso, mahaifinsa ya riƙe masa gefen riga.

"Bar ta. Wutar masu gida ce."

Da ƙyar karan ya kama. Ta kwantar da kai tana hurawa, ɗanyen itacen ya turnuƙe, hayaƙi mai kauri ya bugi fuskarta. Idanunta suka yi yaji, ruwa ya zubo. Ta share ta ci gaba da hurawa, ruwan ya sake zubowa. Hayaƙin ya juya ya bi iska, amma ruwan bai tsaya ba. Sai ta ji wani sauti na fita daga maƙogwaronta wanda ta daɗe ba ta ji ba, ta ji kafaɗunta na girgiza, ta ji bakinta na kiran "Yaba, Yaba". Ta zauna daɓas a ƙasa, tana kuka irin na yarinyar da ta ɓata a kasuwa. Mazan Simsim suka kawar da kai, ɗalibai mata suka toshe baki da gefen gyale.

Malam Mato ya dafa ƙasa ya miƙe. "Ga hayaƙi. Ku tashi."

"Ku dakata!"

Jummare ce. Tana tahowa da ƙatuwar tukunya a ka, har yanzu ɗaure cikin mayafi, idanunta jajir. Ta sauke ta gaban murhu, ta kama ƙullin da ya shekara biyu yana tsukewa, ya ƙi, ta sa haƙori ta kwance shi. Ta kalli 'yar tukunyar aron, ta kalli taron jama'a, ta ture 'yarta da gwiwa.

"Da wannan abar za ki ciyar da mutanen nan, ki kunyata ni a garin mutane? Matsa. Ko wuta ba ki iya ba." Ta juya wajen Wahabu. "Kai kuma, ya waladi, tsayuwa ka zo yi? Ruwa nake so, da garin dawa, da busasshiyar kuɓewa in akwai."

Wahabu ya ruga har yana tuntuɓe. Maza suka kewaye jinkar, leburori da ɗalibai da malamai kafaɗa da kafaɗa, Malam Mato ya ja salati, aka amsa, jinka ta tashi sama tana lilo ta sauka kan bango daram. Mata suka rangaɗa guɗa. Hanadi dai tana zaune tana kukanta, ba wanda ya ce ta yi shiru. Da Wahabu ya dawo da jarka, ya ajiye, ya tsuguna ɗan nesa da ita.

"Hayaƙin ne, ko?" ya tambaya a hankali.

"Hayaƙin ne," in ji ta, tana jan majina.

"Haka yake, ɗanyen itace ba shi da kirki."

Ta kalle shi da kumburarrun idanu, da ciyawar da ke gashinsa, da hannayensa da igiya ta yayyanka. "Wahabu, ban san ko na warke ba. Wataƙila gobe in tashi kamar jiya."

"In kin tashi haka, ina bakin famfo."

Da yamma Jummare ta kira Waleed da kanta. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya kuma ce a gaya masa ranar biki. Ba a ce bai ji ciwo ba, amma ya yi halin manya.

Ɗalibai suka koma ɗakunansu. Aka kafa rumfar fatur kusa da darbejiya, tukunyar Jummare a tsakiya, ita kuma tana faɗa da duk ɗalibin da ya ci bai wanke hannu ba, har Awad ya koma kiran ta Yumma. Fitilun hanyar laburare ba su samu ba tukuna, tsakuwar ma rabin hanya ta tsaya. Amma yanzu in ɗalibi ya haɗu da tsohuwa a famfo, gaisawa suke yi har da tambayar ƙafa. Hanadi ta koma aji. Wasu ranakun tana fahimtar lakca, wasu ranakun tana zaune ne kawai. Akwatuna biyun nan kuwa, ɗaya Jummare ta zazzage, ɗayan yana nan a rufe a kusurwar guttiyya, ba wanda ya ce mata don me.

Kafin damina ta sauka manyan Wahabu suka zo daga Simsim, aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Aka sa wa amarya lalle, ɗaliban wasan kwaikwayo suka ari ganguna, Waleed ya aiko da turare da takalmi mai ƙwari, domin labarin ya kai masa. Abokan ango suka gina wa ma'auratan tasu guttiyyar kusa da ta Jummare, kuma wannan karon tun kafin a gama baibaya hayaƙi ke tashi.

Ana cikin hidima Jummare ta shigo ɗakin amarya da kwanon asida, tuwon dawa, da miya, ta ajiye gabanta.

"Ci, tun safe ba ki sa komai a ciki ba."

Hanadi ta gutsura da yatsun da lalle ya rina, ta kai baki, ta yamutsa fuska.

"Yumma, gishiri ya yi yawa."

Jummare ta tsaya tana kallon ta. Ta zauna a bakin gado, ta kama hannun 'yarta ta riƙe.

"Haka nake sa shi kullum, ya binti, tun Madani hannuna ya ɓaci. Yau ne kika ji."

Daga waje muryar Malam Mato ta taso yana addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka, ya jiƙan waɗanda aka baro a hanya, ya mayar da kowane baƙo gidansa ko ya sa inda yake ya zame masa gida. Jama'a suka amsa da amin. Hanadi ta amsa ita ma, ta sake gutsurar asidar.